Daga fada zuwa tasha: me ya haɗa kyaututtukan sarakunan Turai da jirgin ƙasa?

Me zai sa a sayi ɗan fil na zinariya, wanda nauyinsa bai taka kara ya karya ba, a kan ninkin-ba-ninkin kuɗin zinariyar da ke jikinsa, don kawai an ce wani sarki ne ya ba wani shugaban tashar jirgin ƙasa fiye da shekara 100 da suka wuce? Mu da muka saba sayen gwal a kan sikeli, giram kaza kuɗi kaza, abin yana da wuyar shiga kai.

Maganar ta sake tasowa a watan Disamba na 2025, lokacin da gidan gwanjon Christie's da ke Landan ya sayar da ɗaya daga cikin ƙwayayen ado na Fabergé, mai shagon da ke ƙera wa fadar Rasha kayan ado, wanda ake kira Ƙwan Hunturu, a kan fam miliyan 22.9. Kafin nan, a 2014, an ji labarin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa a Amurka da ya sayi wani ƙwan zinariya a kan kimanin dala 14,000 da niyyar sayar wa masu narkarwa, daga baya ta bayyana cewa Sarkin Rasha Alekzanda na Uku ne ya ba matarsa shi a 1887. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, wasu su ce almubazzaranci ne kawai, wasu su ce ai kayan kambin sarauta ne shi ya sa. Duka biyun sun bar wani abu a baya. Yawancin waɗannan kaya ba a taɓa sa su a jikin sarki ba, kuma wani kaso mai kyau daga cikinsu, da ba don jirgin ƙasa ba, da ba a ƙera su ba.

Kayan gadon sarauta daban, kyautar sarki daban

Kayan gadon sarauta su ne kambi da sanda da sauran abin da ake fito da shi ranar naɗi. Na kujera ne, ba na mutum ba. Na Ingila suna Hasumiyar Landan, ba a sayar da su.

Abin da muke magana a kai shi ne kayan da fada ke sa maƙera su ƙera musamman don a bayar: fil ɗin da ake soke ƙyallen wuya da shi, maɓallan hannun riga, zobe, agogon aljihu, battar taba, akwatin sigari, da abin maƙalawa a ƙirji na mata. Ana gane su da harafin farko na sunan sarki a ƙarƙashin ɗan kambi, ko tambarin masarauta. Na Sarauniya Biktoriya ta Ingila kan zo da VR, ko VRI bayan ta ɗauki laƙabin sarauniyar Indiya a 1877. Na Rasha kan zo da mikiya mai kai biyu. Ba ɗai-ɗai ake yin su ba. Fada na yin odarsu da yawa ta ajiye, duk inda sarki zai je a ɗebi wasu a tafi da su.

Akwai kashi na uku da ke rikita mutane, wato kayan da kamfanonin jirgin ƙasa da kansu suka ƙera. A Rasha idan an gama wani layi, kamfani kan buga 'yan lambobin zinariya masu launi, a rubuta sunan injiniya ko mai hannun jari ko wani babban jami'i a baya, ya rataya a sarƙar agogonsa. Wasu daga cikinsu ma tikiti ne na shiga jirgi kyauta. Daraktocin kamfanoni a Ingila su ma suna da irin nasu. Suna da kyau, suna da tarihi, amma ba daga hannun sarki suka fito ba.

Ranar da sarki ya sa ransa a hannun direba

A ranar 13 ga Yuni 1842 Sarauniya Biktoriya ta fara shiga jirgin ƙasa, daga Slough zuwa Paddington a Landan. Daniel Gooch, babban injiniyan kawunan jirgi na kamfanin Great Western, shi ya ja jirgin, Isambard Brunel da ya gina layin yana tsaye kusa da shi. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Amma wani abu ya sauya a ranar. A da idan sarki zai yi tafiya, dawakinsa ne, bayinsa ne, dogaransa ne. Yanzu kuwa zai zauna a cikin akwatin katako da ƙarfe, rayuwarsa na hannun direban da bai sani ba, da mai zuba kwal, da mai juya layi a wata tashar ƙauye da tsakar dare, dukkansu ma'aikatan kamfani masu karɓar albashi.

Biktoriya ta zama mai yawan tafiya, musamman zuwa gidanta na Balmoral a Sikotlan, kusan mil 600 daga Windsor. Ba ta son gudu. An san jirginta da ƙin wuce mil 40 a awa. Duk tafiya ɗaya kuwa aiki ne na mutane masu ɗimbin yawa. Wani kan jirgi zai wuce gaba da kamar minti 15 don a tabbatar hanya lafiya. Ana kulle mahaɗar layuka, a rufe ƙofofin da hanyar keken doki ke tsallake dogo, a tsayar da jiragen kaya, a jera leburorin dogo a gefen layi suna gadi. Manyan jami'an kamfani kan shiga jirgin da kansu. Idan an isa lafiya, a nan ne ake buɗe akwatin kyauta. Shugaban tasha ya samu fil, babban jami'in layi ya samu agogo ko maɓallai. A 1896 sarauniyar ta kafa lambar girmamawa tata ta kanta, wadda take bayarwa ba tare da neman shawarar gwamnati ba ga waɗanda suka yi mata hidima, ma'aikatan jirgi ma sun samu rabo a ciki. Baƙin sarakuna da ke zuwa ziyara su ma sukan bar wani abu.

A Rasha tsoron ya fi haka nesa ba kusa ba. A ƙarshen 1879 'yan juyin juya hali suka dasa nakiya a ƙarƙashin dogo kusa da Mosko don su kashe Alekzanda na Biyu. Jirage biyu ne ke tafiya, aka sauya wanda ke gaba, nakiyar ta tashi da na 'yan rakiya. Bayan shekara tara, a ranar 29 ga Oktoba 1888, jirgin ɗansa Alekzanda na Uku ya kauce daga dogo a Borki, kusa da Kharkiv da ke Yukren ta yau. Tarago 15 ne, kan jirgi biyu na ja, ana gudun kusan kilomita 68 a awa a kan layin da ba a gina don wannan nauyi da wannan gudu ba. Mutum 21 suka mutu nan take. Sarki da iyalinsa suna taragon cin abinci, suka tsira, har ana ba da labarin cewa shi ya tallafe rufin da kafaɗarsa har 'ya'yansa suka fita.

Akwai wani manajan wani layi na kudu maso yamma, Sergei Witte, wanda, kamar yadda ya ba da labari da kansa, ya riga ya yi wa jami'an fada gargaɗi a kan wannan gudu, aka ji haushinsa. Bayan hatsarin aka tuna da shi. A 1889 aka kira shi babban birni aka ba shi kula da harkokin jiragen ƙasa, a 1892 ya zama ministan kuɗi. Shi ne ya tsaya kai da fata aka gina layin Siberiya.

Kyauta mai rajista da farashi

Mutane kan ɗauka sarki ne ke cire zobe daga yatsansa ya miƙa wa wanda ya burge shi. A Rasha ofis ne guda ke wannan aiki, ofishin baitulmalin sarki na kansa, da akawuna da kundin rajista. Tun 1722 Sarki Bitrus Babba ya kasa ma'aikatan gwamnati da na soja aji 14, kyauta ma sai ta bi aji. Batta mai hoton fuskar sarki kewaye da lu'ulu'u ta manya ce ƙwarai, ba kasafai ake ba da ita ba. Ƙasa da ita akwai mai harafin sunansa, sai mai mikiya kawai. Ƙananan ma'aikata, irin su direba da kwandasta da ɗan sandan tasha, rabonsu yawanci agogon azurfa ko na zinariya mai mikiya a murfi. Kamfanin Pavel Buhre ya yi suna wajen kawo waɗannan agoguna, kuma shi ɗin dai ke sayar wa hukumomin jirgin ƙasa agogon aiki.

Ba banza aka zaɓi agogo ba. Jirgin ƙasa ne ya tilasta wa garuruwa bin lokaci ɗaya. Kamfanin Great Western ya koma bin lokacin Landan a duk tashoshinsa tun 1840, shekara 40 kafin dokar ƙasa ta tabbatar da haka a 1880. A layi guda da jirage ke zuwa da komowa, agogon da ya yi latti da minti biyar na iya jawo karo. Agogo kayan aiki ne ga ma'aikacin jirgi kafin ya zama ado.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: a tsarin Rasha, wanda aka ba kyauta yana iya mayar da ita ofishin a ba shi kuɗinta. Da yawa sun yi haka. Abin da aka mayar sai a gyara a sake ba wani. Shi ya sa wanda ya rage a hannun iyali har jikoki yake da daraja a idon masu tarawa. Wani ya zaɓi ya riƙe shi alhali yana iya karɓar kuɗi.

Ƙwan da jirgi ke cikinsa

Babu inda fada da dogo suka haɗu kamar a ƙwan da Sarkin Rasha Nikolas na Biyu, ɗan Alekzanda na Uku, ya ba matarsa Alekzandra a bikin Ista na 1900.

Alaƙar Nikolas da layin Siberiya ta fara tun yana yarima. A 1890 mahaifinsa ya tura shi doguwar tafiya ta Masar da Indiya da Sin da Japan, jirgin ruwansa ɗauke da kayan kyauta, da yawa daga shagon Fabergé, har suka ƙare a hanya aka aiko da ƙari. A kan hanyarsa ta komowa, a watan Mayu 1891, ya tsaya a Biladibostok da ke bakin tekun Fasifik, ya cika baro da ƙasa ya tura ya juye. Da haka aka buɗe aikin. Daga baya aka naɗa shi shugaban kwamitin gina layin, kuma bai saki wannan kujera ba ko da ya hau gadon sarauta a 1894.

Ƙwan, wanda aka ƙera a ƙarƙashin babban maƙerin Fabergé Mikhail Perkhin, tsayinsa santimita 26 ne. A tsakiyarsa akwai faffaɗan ɗamara ta azurfa da aka zana taswirar layin a kai, tashoshi an yi musu alama da duwatsu masu daraja. Sama da ƙasa an lulluɓe shi da koren gilashi da aka narkar a kan ƙarfe. Mikiyar masarauta na bisa, wasu dabbobin almara uku masu fukafukai na tallafe da shi. Idan an buɗe, sai a ciro jirgin ƙasa a naɗe kashi uku, a haɗa shi ya kai kusan santimita 40. Kan jirgin na farin ƙarfen platinam ne, fitilunsa na yaƙutu da lu'ulu'u. Taragu biyar na zinariya, tagoginsu na dutse mai gani-har-hanji: akwai na wasiƙu, akwai na mata zalla, akwai na masu shan taba, na ƙarshe kuma coci ne, domin da gaske akwai taragon ibada da ke yawo a layin Siberiya saboda ƙauyukan da ba su da wurin ibada. Da ɗan makullin zinariya ake murɗa shi, ya kama tafiya.

A shekarar da aka ba da wannan ƙwai, layin bai kammala ba. A tafkin Baikal dogo ya tsaya. Sai a loda taragu a wani ƙaton jirgin fito mai fasa ƙanƙara, wanda aka ƙera a Newcastle ta Ingila aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka haɗa a bakin tafkin. Hanyar da ta zagaya kudancin tafkin, mai ramuka da gadoji barkatai a jikin duwatsu, sai 1904 jirgi ya fara bi. Don a rage nisa, Witte ya bi da layin ta cikin Manchuriya, ƙasar Sin, abin da ya ƙara tunzura Japan. Da yaƙi ya ɓarke a 1904, layi guda ɗaya tilo ya kasa kai sojoji da kaya yadda ake bukata, har aka shimfiɗa dogo a kan ƙanƙarar Baikal dawaki na jan taragu. Rasha ta sha kashi. A 1904 da 1905 ba a ba da ƙwan Ista a fada ba. Layin da ya bi cikin ƙasar Rasha zalla bai haɗu ba sai 1916, da aka gama gadar kogin Amur. Yau daga Mosko zuwa Biladibostok kilomita 9,289 ne.

Waɗanda suka haƙa wannan hanya manoma ne, da sojoji, da fursunoni da aka yi wa alkawarin rage musu wa'adi, da leburori daga Sin da Koriya, da magina dutse daga Italiya. Da gatari da shebur da baro suka yi mafi yawan aikin, cikin sanyi mai kisa da sauro da kwalara. Babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin ƙwan. Haka abin yake a Biritaniya: a ranar 4 ga Maris 1890 Yariman Wales ya buga ƙusar ƙarshe mai ruwan zinariya a gadar Forth, gadar da ma'aikata fiye da 50 suka mutu wajen gina ta. Kyauta na tsayawa ne a kan wanda idon sarki ya gani a dandamalin tasha. Wannan yana damuna duk lokacin da na ga ana yabon kyan aikin kawai.

Ƙarshen Nikolas ma a kan dogo ya same shi. A cikin jirginsa, a tashar Pskov, ya sa hannu a takardar murabus a watan Maris 1917, bayan an tare masa hanyar komawa gida. A jirgi aka kai shi da iyalinsa gabas, aka kashe su a Yekaterinburg a watan Yuli 1918.

Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta juya abin

Sarkin Musulmi na Santambul, Abdulhamid na Biyu, ya yi amfani da lambar girma ta wata hanya. A 1900 ya fara gina layin Hijaz daga Dimashƙa, wanda ya isa Madina a 1908, kimanin kilomita 1,300. Bai so a ci bashin Turawa a kan wannan layi ba, sai ya nemi gudummawar Musulmi daga ko'ina, har Indiya da Masar. Wanda ya bayar sai a ba shi lambar layin Hijaz, ta zinariya ko ta azurfa ko ta farin ƙarfe gwargwadon abin da ya bayar. A nan lambar ba ladan rakiyar sarki ba ce, shaidar sa hannu ce a aikin da ya rage wa alhazai tafiyar kusan kwana 40 a kan raƙumi ta koma ta 'yan kwanaki. Layin bai kai Makka ba, kuma yaƙin duniya na farko ya lalata shi. Lambobin suna nan a hannun masu tarawa.

Yadda kayan suka fito kasuwa

Bayan juyin juya halin 1917 aka ƙwace dukiyar fada aka tara a Mosko. Fabergé ya gudu, ya rasu a Siwizalan a 1920. Gwamnatin Sobiyet na neman kuɗin waje don sayen injuna, sai ta shiga sayarwa. A 1927 an yi gwanjon wasu kayan adon masarautar a Landan, sannan tsakanin 1930 da 1933 aka fitar da ƙwayaye 14. Cikin 50 da aka ƙera wa fada, 10 ne suka rage a ma'ajiyar Kremlin, kuma na layin Siberiya yana cikinsu. Ba a taɓa sayar da shi ba.

Ƙananan kayan kuwa sun fita ne a aljihun 'yan gudun hijira, aka sayar da su a Faris da Santambul da Harbin, garin da layin Manchuriya ya raya, don a ci abinci. A Ingila ba a yi juyin juya hali ba. Jikoki ne ke fito da fil ɗin kaka idan an zo rabon gado.

Inda ake saɓani

Masu gidajen tarihi na ganin irin waɗannan kaya hujjar tarihi ne, ya kamata su zauna inda kowa zai gani, kusa da taragun da aka yi tafiyar a cikinsu, kamar taragon Biktoriya na 1869 da ke gidan tarihin jiragen ƙasa na York. Dillalai da masu tarawa na cewa da ba don farashi ba, da tuni an narkar da yawancinsu, kuma akwai gaskiya a nan. Mutumin Amurkan nan ya kasa samun mai saye a kan kuɗin da ya sa ne, shi ya sa ƙwan ya kai ga masana. A Rasha wasu na kallon kayan a matsayin dukiyar ƙasa da aka yi gwanjonta da arha, shi ya sa aka yi ta murna a 2004 da attajiri Viktor Vekselberg ya sayi ƙwayayen fada tara daga iyalin Forbes na Amurka ya mayar da su gida.

Ni abin da nake ja da shi shi ne ɗaukar kyautar sarki a matsayin shaidar nagartar aiki. A watan Yuni 1879 Biktoriya ta tsallake sabuwar gadar Tay a jirgi, ta ba injiniyan gadar Thomas Bouch sarautar jarumta. A ranar 28 ga Disamba na shekarar, guguwa ta karya gadar da jirgin fasinja a kai, ba wanda ya fita da rai. Kwamitin bincike ya ɗora masa babban laifi. Kyauta na nuna cewa sarki ya wuce ta nan kuma ya ji daɗi a ranar. Ba ta wuce haka ba.

Abin da mai saye ko magaji ya kamata ya duba

Kasuwar cike take da jabu, musamman masu sunan Fabergé, kuma intanet ta ƙara musu ƙofa. Babbar hanyar da ake yaudarar mutane ita ce tambari. Shagon da fada ke sayayya a wurinsa yana da izinin buga tambarin masarauta a cikin murfin akwatinsa, ko da kuwa ɗan kasuwa ne ya shigo ya sayi abin. Mikiya a jikin hatimin Fabergé tana nufin shagon na sayar wa fada ne, ba wai wannan abin daga hannun sarki ya fito ba.

Hatimin ƙarfe na taimakawa wajen gane zamani da wuri. A zamanin sarakunansu Rashawa na auna tsarkin ƙarfe a kan kashi 96: lamba 56 zinariya ce mai kusan karat 14, 72 ita ce karat 18, 84 kuma azurfa. Kusa da su akan ga haruffan sunan maƙerin. A Biritaniya kan damisa alamar Landan ce, ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham, da harafin da ke nuna shekara. Zinariya mai karat 15 kuwa tsakanin 1854 da 1932 aka yi amfani da ita a hukumance. Sai dai ƙananan abubuwa irin fil sau da yawa ba a buga musu hatimi ba, kuma mai yin jabu ya iya sassaƙa hatimi.

Saboda haka salsala ce ke yanke hukunci: akwatin asali, wasiƙar da sakataren fada ya haɗo da ita, hoton mai abin yana sanye da shi, labarin jaridar garin a makon da aka yi tafiyar. Wanda ya gaji irin wannan kada ya raba abin da takardunsa, kada ya kai a goge shi da inji ko a sauya masa dutse, domin 'yar lambar da aka karce da allura a gefe, wadda ido da kyar ke gani, ita ake dubawa a kundi. Kundayen ofishin kyaututtukan sarkin Rasha suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a birnin San Fitasbag, da sunan wanda aka ba da ranar da farashin. Rajistar ma'aikatan tsofaffin kamfanonin jirgin Biritaniya da yawa tana ma'ajiyar takardun ƙasa a Kew, inda za a iya tabbatar ko mutumin da ake faɗa ya taɓa riƙe tashar da ake faɗa a shekarar da ake faɗa.